Abin da Ke Bayan Murhu

Murhun Elspeth ya mutu ranar Laraba,
shekara uku bayan ita.
Na murɗa, na sake murɗawa, ko ɗumi babu.
A tsaye na ci burodi,
iskar tekun Peterhead tana jijjiga taga.

Sabon ya iso cikin kwali, baƙi wuluk, fuskarsa gilashi.
Na ce wa jikata ni zan haɗa,
ai wancan ma ni na haɗa shekarar da muka tare,
da hannun nan da ya saba jan koma.
Ta ce, Kaka, zamani ya wuce nan.
Ta kira Shona Duthie.

Shona ko kallon murhun ba ta yi ba.
Ƙarƙashin bene ta nufa, wurin allon fiyus,
ta kashe, ta ɗana kwaɗo, makulli ya shige aljihu.
Ta gwada wayar da ta kashe,
ta gwada abin gwajin shi ma.
Na ce, ke ba ki yarda da kowa ba ne?
Ta ce, Wattie, lantarki ba ya ƙwanƙwasa ƙofa.

Sai ta hau lissafi a bayan kwali.
Tsohon kilowat bakwai yake sha,
wannan sha ɗaya, kuma ba ya jin kunya.
Wayar bango mai milimita shida ce,
ta ratsa audugar rufi inda zafi ba ya samun mafita,
dole a ja mai goma.
Layinsa shi kaɗai,
ba ya haɗa kwano da firji ko butar shayi.
Jan makunni ya matsa gefe, kusa,
inda hannu zai kai bai tsallake tafasa ba.
A kan allo a sa mai gadi
da zai datse wuta kafin ƙiftawar ido
in ta ɓace hanya ta bi jikin mutum.
Ja da baƙi na zamaninku sun yi ritaya, in ji ta,
yanzu ruwan ƙasa da shuɗi,
ta ukunsu kore da rawaya, mai kai ɓarna cikin ƙasa.

Ina gyaɗa kai, cikina ya ɗuri ruwa.
Na san abin da ke bayan murhun.
Waya ta gaza min da taƙi ɗaya,
jirgi kuma zai tashi da asuba,
na murɗe biyu wuri guda, na naɗe da baƙin tef,
na ce in na dawo.
Shekara arba'in da huɗu ina dawowa.

Muka ja shi, yana ƙugi a kan daɓe.
Ƙura. Cokalin shayi da muka zargi maƙwabciya a kansa.
Ƙwayar wake ta bushe kamar tsakuwa.
Sai wani farin akwati a jikin bango,
kusa huɗu, tsaf,
ba aikina ba.

Shona ta kwance murfin.
Ga wayar ƙasa da ban taɓa sawa ba.
Ga takarda an ninke ta huɗu,
rubutun nan mai jingina hagu:
An gyara, Nuwamba 1981. Fam sha huɗu.
Kada Wattie ya ji.

Kirsimeti nawa na bugi gefen murhun nan gaban baƙi
ina cewa aikin hannuna ne, bai taɓa ko tari ba?
Ita tana juya miya,
ta ba ni baya,
kafaɗunta suna ɗan rawa.
Ni duk zatona tururi ne.

Shona ta gama wajen ƙarfe huɗu,
ta gwada, ta rubuta lambobi, ta sa hannu a takardar shaida.
Ta ce, akwatin nan fa, in zubar?
Na ce ki bar shi kan tebur.

Da dare na ɗora tukunyar Elspeth ta alminiyam,
kifi mai hayaƙi, dankali, madara.
Gilashin ya yi ƙyafta-ƙyafta, ya yi ƙara sau biyu, ya ɗauke.
Ashe bai san irin tukunyar nan ba.
Na zauna da takardar a hannu,
miya ɗanya,
ina dariya ni kaɗai har maƙwabciya ta buga bango.